Idan Allah Ƙauna Ne, Daga Ina Fushinsa Ya Fito?

Wasiƙar Yahaya ta fari ta faɗa har sau biyu a sura ta 4 cewa Allah ƙauna ne. To idan haka ne, me ya kawo zancen fushinsa da ya cika Littafi Mai Tsarki? Kuma idan har shi yana fushi, don me ake ta ja wa mutum kunne a kan nasa fushin?

Tambayar ba ta kwanciya. Duk sa'ad da babban bala'i ya auku, kamar annobar korona a 2020 ko wata girgizar ƙasa, sai ka ji masu wa'azi sun kasu biyu. Wasu su ce ga hasalar Allah nan ta sauko saboda zunubin mutane. Wasu su ce Allahn da Yesu ya bayyana ba ya fushi sam, wancan tsohon zance ne. Waƙar coci ma ba ta tsira ba. A 2013 kwamitin da ke shirya sabon littafin waƙoƙi na wata babbar ɗarikar Presbyterian a Amurka ya ajiye wata shahararriyar waƙa, bayan marubutanta sun ƙi yarda a taɓa baitin da ke cewa a kan gicciye aka biya wa fushin Allah haƙƙinsa. Kwamitin ya so baitin ya yi maganar ɗaukakar ƙaunar Allah ne. Cecekucen da ya biyo baya ya nuna yadda mutane da yawa suke ganin sai an kori fushi kafin ƙauna ta samu wurin zama, ko kuma a rage ƙauna kafin fushi ya yi nauyi.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin littafin ne ya saki rabi.

Me ake nufi da fushin Allah?

Fushin da muka sani abu ne da yake faɗo wa mutum. Zuciya ta hau bugawa, jini ya hau, murya ta canza, kafin hankali ya iso baki ya riga ya furta. Sau da yawa a cakuɗe yake da wasu abubuwa: gajiya, tsoro, jin an raina mu, tsohon miki da bai warke ba. Idan aka ɗauki wannan hoton aka ƙara masa girma aka ce shi ne fushin Allah, to lalle an samu abin tsoro, amma ba shi malaman ikilisiya suka koyar ba.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce fushin Allah ba dagulewar zuciya ba ne, hukunci ne da yake yankewa a kan zunubi. Annabi Yusha'u ya riga shi. A sura ta 11, bayan an jera cin amanar da Isra'ila ta yi, mai karatu yana jiran saukar wuta, sai ya ji Allah yana tambayar kansa yaya zai iya sakin Ifraimu, wato Isra'ila. Ya ce ba zai zartar da zafin fushinsa ba, dalilin da ya bayar kuwa shi ne shi Allah ne, ba mutum ba. Wato abin da ya bambanta shi da mu a nan shi ne fushinsa ba ya fin ƙarfinsa.

Akwai kuma rashin daidaito da littafin yake nanatawa da gangan. A Fitowa 34, jim kaɗan bayan jama'a sun ƙera ɗan maraƙin zinariya sun yi masa sujada, Allah ya bayyana wa Musa halinsa: mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci. Ayar ba ta ɓoye hukunci ba, ta ce ba zai ƙyale mai laifi ba, amma ta auna hukuncin da tsara uku zuwa huɗu, ƙaunar kuwa da dubbai. Zabura ta 30 ta ce fushinsa na ɗan lokaci ne, tagomashinsa na tsawon rai. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima, ya ce ba da son ransa yake wahalar da 'yan Adam ba.

Babu inda aka rubuta cewa Allah fushi ne, yadda aka rubuta cewa shi ƙauna ne. A bangaskiyar Kirista ƙauna tana nan tun kafin halitta, tsakanin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, shi ya sa Yesu ya ce a Yahaya 17 Uba ya ƙaunace shi tun ba a kafa duniya ba. Fushi kuwa ba shi da abin yi sai inda mugunta ta shigo. Martanin ƙaunar ne ga abin da ke hallaka waɗanda take ƙauna.

Me yake tayar da shi?

Nan ne mai karatu ya kamata ya dakata, domin abin da ke fusata mutum shi ne yake tona abin da ya damu da shi.

A Fitowa 22 an gargaɗi Isra'ila kada su cuci gwauruwa ko maraya, domin idan suka yi kuka Allah zai ji, fushinsa kuma zai yi ƙuna. Amos ya tuhumi masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, da masu ha'inci a ma'auni. Irmiya ya yi kuka a kan iyayen da ke ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka. Ita kanta bautar gumaka, wadda annabawa suka fi yawan ambata, da harshen cin amanar aure Yusha'u ya kwatanta ta, abin da ke nuna zafin na wanda aka juya wa baya ne bayan ya ba da komai.

Sai a dubi Yesu, wanda Kiristoci suka gaskata cewa a fuskarsa ake ganin halin Allah. Markus 3 ya ba da labarin mutum mai shanyayyen hannu a majami'a ran Asabar. Manyan addini sun zuba ido su ga ko zai warkar da shi don su samu abin ƙara. Ya tambaye su ko halal ne a yi alheri ran Asabar, suka yi gum. Markus ya ce ya dube su da fushi, yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu. Fushi da baƙin ciki a kallo ɗaya, kuma abin da fushin ya haifar shi ne hannun mutumin ya miƙe. A Markus 10 ya husata da almajiransa saboda sun hana yara zuwa wurinsa. A Haikali ya kifar da teburan 'yan canji, domin an mai da gidan addu'a kasuwa.

Yanzu a nemi wurin da ya husata saboda abin da aka yi masa shi kansa. An tofa masa yawu, an mare shi, an yi masa ƙarya a gaban shari'a, abokinsa ya yi musun saninsa sau uku. Abin da Luka ya rubuta ya fito daga bakinsa a kan gicciye shi ne roƙon Uba ya gafarta musu.

Uwar da ta ga ƙwaya tana cinye ɗanta ba ta murmushi. Tana fushi da mai sayar masa, tana fushi da ƙaryar da yake mata, tana fushi da shi kansa, kuma ko kusa ba ta daina ƙaunarsa ba. Ranar da ta daina damuwa ita ce ranar da ya kamata ɗan ya ji tsoro. Abin mamaki, da wannan siffar manzo Bulus ya bayyana fushin Allah a Romawa 1. Bai ambaci tsawa ko annoba ba. Sau uku ya ce Allah ya sallama su ga abin da zuciyarsu take so. Hukunci mafi nauyi a wannan surar shi ne a sakar wa mutum linzami ya tafi inda ya nace zai tafi.

Gardamar ta girme mu

Mai cewa Allahn Tsohon Alkawari mai zafi ne, na Sabon Alkawari mai sanyi, yana maimaita Markiyon ne ko bai sani ba. Wannan mutumin ya koyar a Roma cewa alloli biyu ne daban, ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiya kuma ta raba gari da shi a wajajen shekara ta 144. Ra'ayinsa bai iya tsayawa ba, domin ayoyin jinƙan da muka ambata duk daga Tsohon Alkawari suke, gargaɗin hukunci kuma yana nan a bakin Yesu kansa.

A farkon ƙarni na 4, Laktantiyus, wani malami daga Arewacin Afirka, ya ware littafi guda yana mai da martani ga masu falsafar da ke cewa Allah ya fi ƙarfin fushi. Hujjarsa ita ce, wanda mugunta ba ta dame shi ba, nagarta ma ba ta dame shi ba. A ƙarni na 7, Ishaku na Nineba ya bi ta wata hanya. Ya ce waɗanda ke shan azaba a lahira, bulalar ƙauna ce take dukansu, domin babu raɗaɗin da ya kai na gane cewa ka ci amanar wanda ya ƙaunace ka. Juliyan ta Norwich a Ingila, bayan wahayin da ta ce ta gani a 1373, ta rubuta cewa ba ta ga fushi a wurin Allah ba, a wurin mutum ta gan shi. A wancan gefen akwai wa'azin Jonathan Edwards na 1741, wanda ya zana masu zunubi suna reto a kan wuta har jama'a suka ɓarke da kuka. A 1932 malamin Birtaniya C. H. Dodd ya ce fushin Allah a wasiƙun Bulus ba wani motsin rai ba ne, sakamako ne da mugunta ke jawo wa kanta, wasu malamai kuma suka ƙalubalance shi cewa ya mai da Allah ɗan kallo.

Wanda maganarsa ta fi kama ni shi ne Miroslav Volf, malamin tauhidi ɗan Kuroshiya. Ya ce a da yana ganin fushi bai dace da Allah ba, sai yaƙin tsohuwar Yugoslabiya ya zo a shekarun 1990, aka ƙona garuruwa, aka yi wa mutane kisan gilla. Daga nan ya kasa tunanin Allahn da zai ga wannan bai husata ba. Wanda aka kashe wa iyali ba ya jin zancen Allah marar fushi a matsayin albishir. Abin da yake ji shi ne jinin 'yan uwansa bai dami kowa ba, har a sama.

Gicciye: wa ya lallashi wa?

Akwai wa'azin da ke barin mai sauraro da hoton Uba mai zafin rai da Ɗa mai kirki da ya shiga tsakani. Ɗarikun Kirista sun bambanta a yadda suke bayanin gicciye, wasu suna jaddada ɗaukar hukunci a madadinmu, wasu suna jaddada nasara a kan mutuwa da warkar da ɗan Adam. Amma babu ɗarikar da ta koyar cewa gicciye ne ya sa Uba ya fara ƙauna. Yahaya 3:16 ta sa ƙaunar Allah a gaba, ba da Ɗan ya biyo baya. Romawa 5 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma wannan shi ne tabbacin ƙaunar Allah. Kalbin ma, malamin tauhidin Furotesta na ƙarni na 16 wanda ake ɗauka a matsayin mai tsauri, ya tsaya a kan haka.

To shi mutum fa?

Afisawa 4:26 ta ce idan kun husata kada ku yi zunubi, kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Masu son izini suna tsayawa a nan. Amma aya biyar a gaba, wasiƙar ta ce a kawar da duk ɗacin rai da hasala da fushi. Yakubu ya ce fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Yesu kuma, a wa'azinsa na kan dutse, ya jera mai fushi da ɗan'uwansa kusa da mai kisankai, ya ce idan ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna.

Malamai sun rabu a kan yadda za a haɗa waɗannan. Sufayen hamadar Masar, da Yohanna Kasiyan da ya kai koyarwarsu Turai, sun ce babu fushin da ya halatta a kan ɗan'uwa, sai dai mutum ya juya shi a kan zunubinsa. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya ce fushin da ke bin hankali abin yabo ne, rashin jin komai a gaban zalunci ma aibi ne. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya sa fushi a jerin manyan zunubai bakwai, ya yarda akwai fushin kishin gaskiya, da sharaɗin ya bi bayan hankali, kada ya shige gabansa.

Ina ganin Akwinas ya fi gaskiya, amma tsoron sufayen yana da tushe, kuma labarin Dawuda ya isa shaida. Annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Dawuda ya husata ƙwarai, ya ce mutumin ya cancanci mutuwa. Natan ya ce masa kai ne mutumin. Fushin daidai yake, laifin ma laifi ne, sai dai mai fushin ya riga ya ƙwace matar Uriya ya kuma sa an kashe shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Allah yana fushi da cikakken sani da hannu mai tsabta, mu kuwa da rabin labari muke yi, kuma galibi muna da hannu a ciki.

Yunusa ya fi ban tsoro. Shi jinƙan Allah ne ya fusata shi. Nineba ta tuba, Allah ya fasa hallaka ta, annabin ya ce ya gwammace mutuwa, har ya karanto wa Allah ayar nan ta mai jinkirin fushi a matsayin ƙorafi. Allah bai tsawata masa ba, tambayarsa ya yi ko daidai ne ya yi fushi, kamar yadda ya tambayi Kayinu dalilin fushinsa tun kafin ya taɓa Habila. Sa'an nan ya tuna masa mutum fiye da 120,000 da ke birnin.

Misalin fushin da ya yi amfani yana Nehemiya 5. Talakawa sun kawo kuka cewa bashi ya sa suna jinginar da gonakinsu, ana bautar da 'ya'yansu. Nehemiya ya ce ya husata ƙwarai, sai ya yi shawara da zuciyarsa, sa'an nan ya tara manya ya tuhume su a fili, har suka yi rantsuwar mayar da gonakin.

Bala'i ba hujja ba ce

An kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi, ya amsa da kansa cewa a'a, ya juya maganar tuba a kan masu tambayar. Da almajirai suka tambayi zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. A ƙarshen littafin Ayuba, waɗanda fushin Allah ya sauka a kansu su ne abokan nan uku da suka dage cewa wahalar Ayuba sakamakon zunubinsa ce. Girgizar ƙasar Lisbon ta 1 ga Nuwamba 1755 ta zo ne da safiyar ranar idin tsarkaka, coci-coci suka rufta a kan masu sujada. Duk mai saurin nuna yatsa ga mutanen da ambaliya ko cuta ta cinye ya ce fushin Allah ne, yana faɗin abin da ba a ba shi sani a kai ba, yana kuma ƙara wa masu makoki nauyi.

Ramuwa, gafara, da wanda aka zalunta

Hausawa na cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Bulus a Romawa 12 ya tsaya a kishiyar wannan: kada ku rama, ku bar wa fushin Allah wuri, idan maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. A lura da dalilin da ya bayar. Bai ce cutar ba komai ba ce. Cewa ya yi akwai mai shari'ar da ba za a ɓoye masa komai ba, don haka ba sai ka zama alƙali da mai zartarwa ba. Imani da fushin Allah shi ne yake zare wuƙa daga hannun mutum. A daren 30 ga Janairu 1956, bayan an jefa bom a gidan Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a Amurka, a birnin Montgomery, matarsa da jaririyarsa suna ciki, taron mutane a fusace, wasu da makamai, suka cika ƙofar gidan. Ya fito ya roƙe su su mayar da makaman gida, kuma bai janye daga gwagwarmayar ba ko taku ɗaya.

Fushin kuma ba haɗiye shi aka ce a yi ba. Zabura ta 109 da ta 137 suna ɗauke da kalaman da mutum zai ji nauyin karantawa a bainar jama'a, amma an bar su a littafin addu'a, domin gara a zubar da dafin a gaban Allah da a zubar da shi a kan maƙwabci. Sai dai wanda ya ce ya bar wa Allah, to ya bar masa da gaske, har da yiwuwar Allah ya ji ƙan macucin idan ya tuba. Wurin da Yunusa ya kasa ke nan.

Inda wannan koyarwar ta fi shan ɓarna shi ne a kan raunana. Matar da mijinta ke duka, yaron da wani babba ya lalata, ma'aikacin da aka cinye wa haƙƙi, su ne ake gaggauta karanta wa ayoyin gafara, a ce fushinsu rashin bangaskiya ne, mai laifin kuma yana zaune ba wanda ya ce masa uffan. Wannan juya littafin ne kai ƙasa, domin kukansu ne Fitowa 22 ta ce yana tayar da fushin Allah. Bayan an kashe mutum tara a cocin Emanuel da ke Charleston ta Amurka a Yunin 2015, wasu daga cikin dangin mamatan sun furta gafara a gaban kotu, ɗaya daga cikinsu kuma ta faɗa a fili cewa tana cikin fushi ƙwarai. Shari'a ta ci gaba, aka hukunta mai kisan.

Matiyu 18 ta shimfiɗa matakai: ka fuskanci wanda ya yi maka laifi, idan ya ƙi ji ka zo da shaidu, idan ya ƙi ka kai gaban ikilisiya. Romawa 13 ta ba hukuma aikin hukunta mai mugunta. Shi kansa Bulus da ya hana ramuwa, da aka yi masa bulala a Filibi tare da abokinsa Sila, aka kulle su ba tare da shari'a ba, washegari mahukunta suka aiko a sake su a asirce, ya ƙi fita. Ya ce sun doke su a gaban jama'a alhali su 'yan ƙasar Roma ne, don haka su zo da kansu su fitar da su. Suka zo, suka ba su haƙuri.